Hoffenheim: Ƙauyen da Ƙungiyarsa Ta Fi Ƙarfinsa

Ranar 29 ga Fabrairun 2020, a filin wasa na garin Sinsheim da ke kudu maso yammacin Jamus, an yi abin da ba a saba gani ba a ƙwallon ƙafa. Bayern Munich na cin mai masaukinta Hoffenheim shida da nema, wasa ya riga ya mutu, sai wasu magoya bayan Bayern suka ɗaga ƙyallaye ɗauke da zagin uwa ga wani dattijo mai shekara 79 da ke zaune a rumfar manyan baƙi. Alƙalin wasa ya tsayar da wasa sau biyu, a na biyun ya kwashe 'yan wasa zuwa ciki. Da suka fito, sai ɓangarorin biyu suka haɗa baki suka ƙi ci gaba da fafatawa. Minti 13 da suka rage haka aka ƙare su ana miƙa wa juna ƙwallo a tsakiyar fili, ɗan Bayern ya tura wa ɗan Hoffenheim, shi kuma ya mayar masa, agogo na ta tafiya. Dattijon shi ne Dietmar Hopp, laifinsa kuwa a wurin masu zagin shi ne ya ɗauki ƙungiyar ƙauyensu ya kai ta inda suke ganin ba ta da gado.

Kocin Bayern na ranar, wanda ya ruga wurin magoya bayansa yana roƙonsu su sauke ƙyallayen, shi ne Hansi Flick. Shekara 20 kafin nan Flick kocin wannan ƙungiyar ƙauye ne, lokacin da take mataki na huɗu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa labarin Hoffenheim bai tsaya a kan "attajiri ya sayi nasara" ba, kamar yadda maƙiyanta ke taƙaita shi, haka kuma bai yi daidai da tatsuniyar "ƙaramin ƙauye ya ka da manya" da masoyanta ke yayatawa ba. Tambayar da ta fi dacewa a yi ita ce: idan aka ce ƙungiyar ƙauye ta girma, mene ne ainihin abin da ya girma, kuma me ya rage wa ƙauyen a ciki?

Hoffenheim ƙauye ne a bakin wani ɗan kogi da ake kira Elsenz, a yankin Kraichgau na jihar Baden-Württemberg, mutanensa kimanin 3,300. Tun 1972 ma ba shi da hukumar kansa, an haɗe shi cikin ƙaramar hukumar Sinsheim. Lambar 1899 da ƙungiyar ke ɗauke da ita a sunanta tana da ɗan ruɗi, domin abin da aka kafa ranar 1 ga Yulin wannan shekara ƙungiyar motsa jiki ce, irin waɗanda suka cika ƙauyukan Jamus a ƙarni na 19, masu tsalle-tsalle da lilo a kan sanduna. Ƙungiyar ƙwallo daban aka kafa ta a 1921, sai a 1945 bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka haɗe biyun. Haruffan TSG da ke gaban sunan ma'anarsu ke nan: haɗakar motsa jiki da wasanni. Daga nan har shekara 40 da 'yan kai babu wani abin rubutawa. Ƙauye na karawa da ƙauye ranar Lahadi, manomi da makaniki da ɗan makaranta a fili ɗaya, a hau mataki guda a sauko.

Cikin samarin da suka buga mata a shekarun 1950 akwai Hopp, wanda aka haifa a 1940 ya kuma tashi a ƙauyen. Ɗan wasan gaba ne, kuma shi da bakinsa yakan ba da labarin wani manomi da ke ba shi gwangwanin naman hanta a kan kowace ƙwallo da ya zura. Ya yi karatun injiniya, ya yi aiki a kamfanin IBM, sannan a 1972 shi da abokan aikinsa huɗu suka ajiye aiki suka kafa SAP, kamfanin manhajar kwamfuta mai tsara lissafi da harkokin manyan kamfanoni, wanda hedikwatarsa ke Walldorf, tafiyar ƙasa da rabin sa'a daga ƙauyen. A 1988 SAP ya shiga kasuwar hannun jari. A 1989 ƙungiyar ƙauyen ta faɗo zuwa gasar gunduma. Jerin shekarun nan biyu yana da muhimmanci: faɗuwar ta zo daidai lokacin da ɗan gari ya samu abin hannu. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to Hopp bai taɓa yin nisa ba, kuma gudunmawarsa ta farko ba ta wuce ta kowane ɗan gari mai hali ba: kuɗin ƙwallaye da kayan atisaye da tallafin ɓangaren yara.

A ganina kuskuren da akasarin masu sharhi ke yi shi ne ɗaukar hawan Hoffenheim a matsayin tafiya guda. Tafiya biyu ce, kuma ta farkon ba ta yi kama da ta biyun ba ko kusa.

Ta farko ta ɗauki shekara 15 ko 16. An hau mataki a 1991, an ƙara a 1992, sai aka tsaya shekara huɗu kafin a kai mataki na biyar a 1996. A 1999, shekarar cikar ƙungiyar ɗari, Hopp ya gina mata fili a kan tudun da ke saman ƙauyen, mai ɗaukar mutum 5,000, wato fiye da duk mutanen garin har da jarirai, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa 6,350. A 2000 aka kai mataki na huɗu, Flick ya karɓi aiki, a 2001 aka kai na uku. A nan kuma aka zauna shekara shida. A tsawon wannan lokaci manufar da ake faɗa ita ce a yi wasa da yaran yanki, waɗanda manyan ƙungiyoyi irin su Karlsruhe da Stuttgart suka tsallake ko suka sallama. Shugaban ƙungiyar tun 1996, Peter Hofmann, mutumin ƙauyen ne mai sana'ar lantarki, kuma ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 2020. A 2001 Hopp ya sa hannu aka kafa shirin Anpfiff ins Leben, mai haɗa wa yara wasa da taimakon karatu da neman sana'a. A kakar 2003 zuwa 2004 suka fitar da Bayer Leverkusen daga kofin ƙalubale na Jamus da ci 3 da 2, suka kai zagayen kusa da kusa da na ƙarshe. Duk wannan da kuɗin mutum ɗaya aka yi shi, babu musu, amma har lokacin ƙungiya ce da mai gidan burodin garin zai iya takawa da ƙafa ya kalla, ya kuma san iyayen wasu daga cikin masu bugawa.

Abin da ya raba tafiyar biyu wani yunƙuri ne da bai yi nasara ba, wanda kuma ba a cika tunawa da shi ba. A ƙarshen 2005 Hopp ya kawo shawarar a narkar da Hoffenheim da maƙwabtanta biyu, Astoria Walldorf da Sandhausen, a fitar da ƙungiya guda mai ɗauke da sunan birnin Heidelberg, a gina mata babban fili a can. Maƙwabtan suka noƙe, batun filin ginin ma ya cije, shirin ya watse. Wannan yana tona wani abu: a lissafin mai kuɗin, ƙauyen ya riga ya gama aikinsa. Abin da yake nema ƙungiyar yanki ce. Yankin Rhein-Neckar, inda biranen Mannheim da Heidelberg da Ludwigshafen suke, yana da mutane sama da miliyan biyu da manyan masana'antu, amma tun da Waldhof Mannheim ta faɗo a 1990 ba shi da wakili a Bundesliga. Gurbi ne a kasuwa, kuma wanda ya gina SAP ba ya rasa ganin gurbi. Sunan ƙauyen ya tsira ne kawai don haɗakar ta ƙi yiwuwa. Da ta yiwu, da yau babu wanda ya san Hoffenheim a wajen Kraichgau.

Tafiya ta biyu ta fara a 2006 da ɗaukar Ralf Rangnick. Mutum ne da bai daɗe da kai Schalke matsayi na biyu a Bundesliga ba, ya jagorance ta a Gasar Zakarun Turai, sai ga shi ya yarda ya sauko mataki na uku. Jamusawa suna masa laƙabi da Farfesa, da farko cikin ba'a, tun ranar da ya tsaya gaban allo a talabijin a 1998 yana bayanin tsaron baya na mutum huɗu. Abin da aka ba shi a Hoffenheim shi ne abin da babbar ƙungiya ba za ta taɓa ba shi ba: wuri mara tsofaffin taurari masu tsoma baki, mara jaridun da ke kwana a bakin ƙofa, mara dubban mambobi masu cewa "ba haka muka gada ba". Rashin tarihin da ake goranta wa ƙungiyar shi ne jarinta na farko. Aka ɗauko Bernhard Peters, kocin da ya ci wa Jamus kofin duniya na wasan hoki sau biyu, aka damƙa masa tsarin renon matasa, abin da hukumar ƙwallon ƙasar ta ƙi yarda da shi watanni kaɗan kafin nan saboda wai shi ba ɗan ƙwallo ba ne. Aka kawo masanin halayyar ɗan Adam cikin masu horarwa. Salon wasan kuwa shi ne a matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, a ƙwace ƙwallo, a kai hari cikin 'yan daƙiƙoƙi kafin ya daidaita.

Irin wannan wasa sai matasa masu huhu, shi ya sa sayayyar ta bi ƙa'ida guda: ƙaramin yaro mai gudu wanda farashinsa zai tashi. Da aka hau mataki na biyu a 2007, sai aka kashe wajen Yuro miliyan 20 a kaka ɗaya, kuɗin da ba a saba ji ba a wannan rukuni. Aka kawo Carlos Eduardo da Luiz Gustavo daga Birazil, Demba Ba ɗan Senegal daga Mouscron ta Beljiyom, Vedad Ibišević ɗan Bosniya daga Aachen, Isaac Vorsah daga Asante Kotoko ta Kumasi, da Chinedu Obasi ɗan Najeriya daga Lyn ta birnin Oslo. Masu bin ƙwallo a Najeriya za su tuna Obasi cikin tawagar da ta ciyo azurfa a gasar Olamfik ta Beijin a watan Agustan 2008. Daga can ya wuce kai tsaye ya shiga kakar farko ta Hoffenheim a Bundesliga, domin shekara ɗaya tak suka yi a mataki na biyu.

Watanni huɗun da suka biyo baya su ne ƙololuwar labarin, kuma har yau ba a sake irinsu ba. Sabon filin bai kammala ba, na ƙauye ya yi ƙanƙanta, sai aka yi aron filin Mannheim. Demba Ba da Obasi da Ibišević suka zama abin tsoro. Ranar 5 ga Disamban 2008 suka je Munich suna saman tebur, Ibišević ya fara ci, Philipp Lahm ya farke, aka yi ta ba-ta-kashi har cikin ƙarin lokaci kafin Luca Toni ya ci wa Bayern ta biyu. An sha kashi, amma duk wanda ya kalli wasan ya san ba kuɗi kaɗai ya gani a fili ba, ya ga wata sabuwar hanyar buga ƙwallo. Aka tafi hutun hunturu Hoffenheim na kan gaba da maki 35, Ibišević na da ƙwallo 18 a wasa 17. A watan Janairu, a wasan sada zumunta da Hamburg, jijiyar gwiwarsa ta tsinke. Zagaye na biyu ya zama wahala zalla, aka ƙare a na bakwai, Wolfsburg ta ɗauki kofi.

A cikin wannan watan na Janairun 2009 aka buɗe sabon filin, mai ɗaukar mutum 30,150, wanda ya ci kimanin Yuro miliyan 60. Ninki tara ne na mutanen ƙauyen, kuma ba a ƙauyen yake ba. Yana Sinsheim ne, a gefen babbar hanyar mota ta A6, inda mai zuwa daga Mannheim ko Heilbronn zai sauka ya kalli wasa ya juya ba tare da ya ga rufin gida ɗaya na Hoffenheim ba. A 2010 sansanin atisaye da ofisoshin ƙungiya suka koma Zuzenhausen, ƙauyen da ke maƙwabtaka. Ke nan cikin shekara biyu babbar tawagar ta daina wasa a garin da take amsa sunansa, ta kuma daina atisaye a can.

Don a gane dalilin da ya sa wannan gini bai rushe ba, yana da kyau a dubi wata ƙungiya da ta yi irin tafiyar a lokaci guda. Gretna ƙauye ne a Sikotilan, dab da iyakar Ingila, yawan mutanensa kusan ɗaya da na Hoffenheim. Wani attajiri mai suna Brooks Mileson ya zuba wa ƙungiyarsu kuɗi, ta hau mataki uku cikin shekara uku a jere, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasar a 2006 inda Hearts ta doke ta a bugun fenariti, ta shiga babbar gasa a 2007. Filinta bai cika sharaɗi ba, sai ta riƙa karɓar baƙi a Motherwell, tafiya mai nisa, har akwai wasan da mutum 431 kacal suka shiga. A Fabrairun 2008 Mileson ya kwanta rashin lafiya, kuɗi suka tsaya, albashi ya gagara. Kafin ƙarshen bazarar shekarar ƙungiyar ta mutu. Watannin da Hoffenheim ke bikin shiga Bundesliga su ne watannin da ake rufe littafin Gretna. Bambancin bai tsaya a zurfin aljihu ba, ko da yake Hopp ya fi Mileson nesa ba kusa ba. Kuɗin Mileson albashi suka tafi, kuma albashi ba ya barin komai a ƙasa. Na Hopp, waɗanda jaridun Jamus ke ƙiyasta sun kai Yuro miliyan 350, kaso mai yawa ya tafi ne a fili da sansani da makarantar yara da ma'aikatan farautar 'yan wasa, wato abubuwan da za su iya haifar da kuɗi bayan mai bayarwa ya janye hannu.

Janye hannun kuwa da gangan aka shirya shi, kuma ranar da aka fara ganinsa ita ce ranar da aka rabu da Rangnick. A farkon Janairun 2011 aka sayar wa Bayern da Luiz Gustavo ba da yardar kocin ba, shi kuwa ya tattara nasa ya tafi. Saɓanin na manufa ne: Rangnick na son a riƙe gwanaye a nemi kofi, Hopp na son ƙungiya ta fara ciyar da kanta. Tun daga lokacin sana'ar Hoffenheim ta zama irin ta mai turka: a sayi ɗan maraƙi da araha, a ɗaure, a ciyar, a kai kasuwa lokacin da ya yi ƙiba. Roberto Firmino ya zo daga Figueirense ta Birazil a kan kimanin Yuro miliyan 4, ya tafi Liverpool a 2015 a kan kusan ninki goma na haka. Joelinton ya tafi Newcastle a 2019 a kan fam miliyan 40. Niklas Süle, wanda makarantar ƙungiyar ta rena, ya tafi Bayern a 2017. Ba 'yan wasa kaɗai ba, har masu horarwa: Julian Nagelsmann ya ci wa matasanta 'yan ƙasa da shekara 19 kofin ƙasa a 2014, aka ba shi babbar tawaga a Fabrairun 2016 yana ɗan shekara 28, ya tsamo ta daga bakin faɗuwa, ya kai ta na huɗu a 2017 da na uku a 2018, ta shiga Gasar Zakarun Turai ta kara da Manchester City da Lyon da Shakhtar. Flick da Nagelsmann, waɗanda suka riƙe tawagar Jamus ɗaya bayan ɗaya, duk sun taɓa horar da wannan ƙungiya.

Sai dai mai turka ba ya shaƙuwa da abin da ya ɗaure, kuma ɗan kallo ma haka. Yaron da ya sayi rigar Firmino ya san shekara mai zuwa a talabijin zai gan shi da jar riga. Tsarin yana kuma da haɗari, domin duk shekarar da sayayya ta ɓaci sai a ji a jika. A 2013 saura ƙiris su faɗo. Sai da Sejad Salihović ya ci fenariti biyu a Dortmund a ranar ƙarshe, sannan suka doke Kaiserslautern gida da waje a wasan neman gurbi. Wannan karawar ta ƙara hura wutar ƙiyayya, don Kaiserslautern ta ci gasar Jamus sau huɗu, tana da jama'a kamar ƙasa, ga shi ƙauye ya tare mata hanya.

A nan ne batun ya koma na doka da na siyasar ƙwallo. Ƙungiyar wasa a Jamus asalinta ƙungiyar mambobi ce, masu biyan kuɗin shekara su zaɓi shugabanni. A 1998 aka ba ƙungiyoyi damar mayar da ɓangaren ƙwararrunsu kamfani, bisa sharaɗin cewa uwar ƙungiya ce za ta riƙe rinjayen ƙuri'a, rabi da ɗoriyar ɗaya. Dokar da ake kira 50+1 ke nan. An yi togaciya ga wanda ya shafe sama da shekara 20 yana ɗaukar nauyin ƙungiya ba yankewa, abin da ya ba kamfanin Bayer damar riƙe Leverkusen, Volkswagen kuma Wolfsburg. Hopp ya daɗe da mallakar kashi 96 cikin ɗari na jarin kamfanin ƙungiyar ba tare da rinjayen ƙuri'a a takarda ba, sai a 2015 aka shigar da shi cikin togaciyar, ya zama mutum ɗaya tilo, ba kamfani ba, da ke da wuƙa da nama a wata ƙungiyar Bundesliga. Ga masu tsattsauran goyon baya a Dortmund da Munich da sauran wurare, wannan ce ƙofar da in aka bari a buɗe, wata rana za a wayi gari ƙwallon Jamus ta zama irin ta Ingila, inda attajiran ƙetare ke saye da sayar da ƙungiyoyi. Hopp ya zama fuskar abin da suke tsoro. Tun 2008 magoya bayan Dortmund suka fara ɗaga hotonsa cikin da'irar saitin bindiga. A 2011 wani ma'aikacin filin Sinsheim ya kunna na'ura mai ƙara don danne zaginsu, abin ya zama abin kunya ga ƙungiyar. Hopp ya riƙa kai masu zagi kotu, a farkon 2020 aka hana magoya bayan Dortmund zuwa Sinsheim na shekara biyu, kuma wannan hukuncin na kowa-da-kowa ne ya jawo ƙyallayen ranar 29 ga Fabrairu.

Zagin ba shi da kariya, amma hujjar da ke ƙarƙashinsa ba wofi ba ce. Kujerun Bundesliga 18 ne, wanda ƙauye ya hau wani birni ne ya rasa, kuma ƙungiyar da ke rayuwa da kuɗin ƙofa da na mambobi ba za ta iya gasa da wadda ake cike mata giɓi daga aljihu ba. Inda hujjar ta yi rauni shi ne wurin da take ɗaukar tsohon tsari a matsayin adalci. Bayern da magoya bayanta ke zagin Hopp ta sayar da hannun jari ga Adidas da Audi da Allianz, ta kuma ci gasar sau 11 a jere daga 2013. Gwano ba ya jin warin jikinsa. In da "gado" ne kaɗai zai ba ƙungiya izinin hawa, to babu sabon da zai taɓa shiga, kuma gadon kansa yawanci tsohon kuɗi ne da aka manta asalinsa, na masana'antar ƙarfe ko ta kwal ko ta mota. Shi kansa Hopp daga baya ya sauko: bayan hukumar hana babakere ta Jamus ta nuna a 2021 cewa togaciyar ce ke raunana dokar, sai a 2023 ya mayar wa uwar ƙungiya rinjayen ƙuri'a ba tare da ya karɓi diyya ba. Jarin dai yana hannunsa, kuma rigingimun shugabanci da suka biyo baya, har da sallamar daraktan wasanni Alexander Rosen a 2024 bayan shekara 11, sun nuna cewa mayar da ƙuri'a a takarda ya fi sauƙi a kan mayar da iko.

Akwai wata hanyar da ba ta bi ta aljihun mutum ɗaya ba. A 2025 Mjällby, wadda ke wasa a ƙauyen masunta na Hällevik a kudancin Suwidin, ta lashe babbar gasar ƙasar karo na farko tun kafa ta a 1939, tana hannun mambobinta, tana kuma buga wasa a filinta na bakin teku, bayan ta kasance a mataki na uku har 2018. Amma gasar Suwidin ba Bundesliga ba ce, tazarar kuɗi tsakanin babba da ƙarami ba ta kai ta Jamus ba, don haka kwatancin yana da iyaka. Wanda ya fi kusa da tsarin Hopp shi ne abin da Kunle Soname ya yi da Remo Stars a Ikenne ta jihar Ogun: fili da makarantar yara tukuna, kofi daga baya, wanda ya zo a 2025. A Najeriya, ƙasar da galibin manyan ƙungiyoyi ke jiran kason gwamnatin jiha, inda kuma aka ga yadda Leventis United da Abiola Babes suka ɓace a ƙarshen shekarun 1980 da masu su suka janye, tambayar Gretna ce ke jiran kowane irin wannan aiki: me zai rage ranar da mai shi ya gaji?

A Hoffenheim an samu amsar rabin tambayar. Ƙungiyar ba ta faɗo ba tun 2008, tana biyan akasarin buƙatunta daga kuɗin talabijin da cinikin 'yan wasa, ta kuma sauya yadda Jamus ke horar da ƙwallo fiye da ƙungiyoyi da dama masu ɗakunan kofuna. Ɗaya rabin shi ne jama'a, kuma nan ne kuɗi da dabara suka gaza. Filin Sinsheim yakan cika ne idan Bayern ko Dortmund ko Stuttgart sun zo, a irin ranakun kuma muryar baƙi takan danne ta 'yan gida. Mutumin Mannheim da kakansa ya bi Waldhof bai sauya riga ba don an gina fili a bakin hanya. Goyon baya abu ne da uba ke ɗora ɗansa a wuya ya kai shi, kuma yaran da aka fara kaiwa Sinsheim a 2009 yanzu ne suke kaiwa shekarun haihuwar nasu. Hukunci a kan wannan ɓangare bai yi ba tukuna.

Shi kuwa ƙauyen, abin da ya rage masa shi ne suna da filin kan tudu. A can tawagar mata, wadda ta shiga babbar gasar ƙasar a 2013, take karɓar baƙinta, a can kuma tawaga ta biyu ta maza take wasa, wadda ta hau mataki na uku a 2025. Wato matakin da babbar tawagar ta kai a 2001 ƙarƙashin Flick, a wannan fili, shi ne yau 'yan bayanta ke bugawa a cikinsa. Mai son ganin babbar tawagar daga Hoffenheim sai ya hau jirgin ƙasa ko mota zuwa Sinsheim, kamar kowane baƙo.